Darasi na Tara: Ceto Kurant da Guzberi na Daji daga Ƙarewa

Kurant da guzberi ƙananan itatuwa ne masu 'ya'ya da ke tsirowa a ƙasashen sanyi. Masana tsirrai sun haɗa su a dangi guda da suke kira Ribes, wanda ke da jinsuna tsakanin 150 da 200. Kaɗan ne daga cikinsu suka shiga gona. Sauran duk a daji suke, a bakin rafuka da gindin duwatsu da inuwar kurmi. Wasu jinsunan sun bazu a faɗin nahiya guda, wasu kuwa duk duniya ba a samunsu sai a kan tsauni ɗaya ko a gefen tafki ɗaya. Waɗannan na ƙarshe su ne ke cikin haɗari, kuma ceto su na buƙatar ilimi da kuɗi da haƙurin shekaru masu yawa.

Siffarsu da mazauninsu

Itacen Ribes ba ya yin doguwar gangar jiki. Rassa ne da yawa ke fitowa daga tushe, kuma galibi tsayinsa ba ya wuce mita ɗaya zuwa biyu. 'Ya'yan na daji ba su fi na magarya girma ba, amma suna da ruwa da tsami-tsami, cike da ƙananan ƙwayoyi. Guzberi yana da ƙaya, kuma 'ya'yansa na fitowa ɗai-ɗai ko bibbiyu. Kurant yawanci ba shi da ƙaya, 'ya'yansa kuma suna rataye a jere a jikin siririn kara guda.

Ana samun dangin a Amurka ta Arewa da Turai da arewacin Asiya, sannan ya bi tsaunukan Andes har ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu. A Afirka, sai a tsaunukan Atlas na arewacin nahiyar. Dalilin wannan iyaka shi ne sanyi: idanun reshen ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun sha sanyin hunturu na makonni da yawa. Shi ya sa ba a samun su a ƙasashe masu zafi irin na Afirka ta Yamma.

Amfaninsu

Jinsuna uku aka fi nomawa: baƙin kurant da jan kurant da guzberin Turai. Rasha da Poland ne kan gaba wajen noman kurant. Ana yin lemo da jam da 'ya'yan, ana kuma cin su ɗanye. Gram 100 na baƙin kurant na ɗauke da bitamin C kimanin miligram 180, fiye da ninki uku na abin da ke cikin lemon zaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ruwa masu kawo lemo suka kasa isa Birtaniya, gwamnati ta ƙarfafa noman baƙin kurant, kuma daga 1942 ta riƙa raba ruwansa kyauta ga ƙananan yara. Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin Amurka ta Arewa na busar da 'ya'yan jinsunan daji, su haɗa da busasshen nama da kitse, su yi guzurin hunturu.

A daji ma suna da aiki. Furanninsu na cikin na farko da ke buɗewa bayan hunturu, lokacin da ƙudan zuma ke fitowa da yunwa. Tsuntsaye da dabbobi suna cin 'ya'yan, su kai ƙwayoyin nesa a cikin kashinsu.

Yaƙin da aka yi da su a Amurka

Babu ƙasar da ta taɓa far wa wannan dangi kamar Amurka, kuma katako ne silar abin. A ƙarshen ƙarni na 19 an sare dazuzzukan itacen katakon ƙasar da ake kira farin fayin ƙwarai, har aka koma sayo miliyoyin dashe daga gandayen renon itatuwa na Jamus da Faransa. A jikin wannan dashe wata cutar tsatsa mai suna Cronartium ribicola, wadda asalinta daga Asiya ne, ta ƙetare teku. A 1906 aka gan ta a jikin kurant a garin Geneva na jihar Niyok. A 1910 wani kayan dashe daga Faransa ya kai ta Vancouver a yammacin Kanada.

Cutar tana da wata ɗabi'a: ba ta iya tashi daga fayin ta kama wani fayin kai tsaye. Ƙurarta kan bar itacen fayin bayan hunturu, iska ta ɗauke ta tafiya mai nisa, ta sauka a ganyen Ribes. Can take hayayyafa, sannan a ƙarshen lokacin zafi, idan aka samu sanyi da laima, wata ƙurar ta koma kan fayin da ke kusa. Ga kurant ɓarnar ba ta cika wuce zubar ganye ba. Fayin kuwa cutar na cin ɓawonsa har ta zagaye gangar jikin, itacen ya mutu.

Hukumomi suka ga cewa in an kawar da Ribes, cutar za ta rasa matattakala. Tun daga 1911 aka shiga kafa dokokin hana shigo da baƙin kurant da noma shi. Aka tumɓuke na gonaki da na bayan gida, sannan aka shiga daji. A shekarun 1930 rundunar matasan da Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa domin rage zaman kashe wando ta bazu a dazuzzuka, tana tuge miliyoyin itatuwan Ribes da hannu. Daga baya aka ƙara da maganin kashe ciyawa.

A gabashin ƙasar aikin ya rage cutar a wasu wurare. A tsaunukan yamma kuwa bai yi nasara ba. Ƙwayoyin Ribes na iya kwanciya a ƙasa shekaru da yawa, da zarar an yi gobara ko an sare itatuwa rana ta sauka, sai su tsiro. A 1966 gwamnatin tarayya ta janye haramcin, ta bar wa kowace jiha ta yanke hukunci. Jihar Niyok ba ta sassauta nata ba sai 2003, kuma wasu jihohin arewa maso gabas har yanzu suna da takunkumi. Sakamakon shi ne tsofaffin ire-iren gona da yawa sun salwanta, kuma jama'ar ƙasar sun yi shekaru da dama suna kallon tsiron ƙasarsu a matsayin abin gaba, alhali cutar mutum ne ya shigo da ita.

Taskar da ke daji

Manomi na zaɓen iri ne saboda yawan 'ya'ya da girmansu da daɗinsu. A wannan zaɓe, sannu a hankali, halaye da yawa na jure wahala kan zube. 'Yan uwan da suka rage a daji kuwa sun yi dubban shekaru suna fama da cuta da ƙwari da fari da ƙanƙara ba tare da taimakon kowa ba, don haka maganin waɗannan matsaloli na cikin ƙwayoyin gadonsu. Tarihin Ribes ya tabbatar da haka sau da dama.

A 1900 wata farar fumfuna daga Amurka ta bayyana a Ailan, cikin 'yan shekaru ta mamaye Turai, ta durƙusar da noman guzberi. Guzberin Turai bai san cutar ba, amma jinsunan daji na Amurka irin su Ribes hirtellum da Ribes divaricatum sun daɗe da sabawa da ita. Ta hanyar barbara da su aka samar da ire-iren da ke jure ta. Da jinin Ribes divaricatum ɗin ne kuma masana a Jamus suka haɗa baƙin kurant da guzberi, suka fitar da sabon iri mai suna Josta a 1977.

Ita ma tsatsar fayin daga daji aka samo makarinta. Wani kurant na gabas mai nisa na Asiya, Ribes ussuriense, ba ya kamuwa da ita. Masana a Ottawa ta Kanada suka yi barbararsa da baƙin kurant, a tsakiyar ƙarni na 20 suka fitar da ire-ire irin su Consort da Crusader. Waɗannan ire-ire na cikin abin da ya ba jihohin Amurka ƙwarin gwiwar sake barin a noma kurant. Daga baya an ga wani sabon nau'in cutar a arewa maso gabashin Amurka wanda ke iya kama su. Ma'ana, neman sabon makari bai ƙare ba, kuma wurin nemansa shi ne daji.

Misali na uku wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya iya gani, wanda ke shiga idon reshen baƙin kurant ya kumbura shi, ya kuma sa masa ƙwayar cutar da ke hana 'ya'ya. Guzberi ba ya jin wannan ƙwaro. Masana a East Malling ta Ingila suka ɗauko halin daga guzberi suka sa wa baƙin kurant, masu bincike a kusa da Dundee ta Sikotland kuma suka ci gaba da aikin. Yanzu matsalar da ke gabansu ita ce ɗumamar yanayi. Hunturu ya rage sanyi a wasu sassan Birtaniya, idanun reshe na buɗewa ba a tare ba, 'ya'ya na nuna ba a tare ba. Ana neman jinsunan da ba sa buƙatar dogon sanyi.

Babu wanda ya san halin da za a buƙata nan da shekara hamsin, ko jinsin da ke ɗauke da shi. Jinsin da ya ƙare kuwa ya tafi da duk abin da ke cikinsa, ba wani ɗakin bincike da zai iya dawo da shi.

Jinsunan da ke bakin ƙarewa

Ribes sardoum na tsibirin Sardiniya ne a Italiya. Wani masanin tsirrai mai suna Ugolino Martelli ya bayyana shi a ƙarshen ƙarni na 19. Duk duniya yana wuri guda ne, a tsakanin duwatsun farar ƙasa na tsaunukan da ke saman garin Oliena, kuma itatuwan ba su wuce kimanin ɗari ba. Awaki da tumaki na cin tohonsa, ƙwayoyinsa kuma ba sa tsirowa sosai. Ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi a matakin da daga shi sai ƙarewa. Gobara guda ko zaftarewar dutse guda ta isa ta share shi.

Ribes echinellum, wato guzberin Miccosukee, an gano shi a 1924 a gefen tafkin Miccosukee da ke arewacin jihar Fulorida. A 1957 aka sake samun wani rukuninsa a bakin rafin Stevens Creek a jihar Karolina ta Kudu, ɗaruruwan kilomita daga na farko. 'Ya'yansa cike suke da ƙananan ƙayoyi. Yana zubar da ganye a lokacin zafi, ya yi sabo idan sanyi ya shigo, saɓanin yawancin itatuwan da ke kewaye da shi. A 1985 gwamnatin Amurka ta sa shi a jerin tsirran da doka ke karewa. Yana yaɗuwa ne galibi idan reshe ya sunkuya ya taɓa ƙasa ya yi saiwa, sabbin tsirrai daga ƙwaya kuwa ba su da yawa. Don haka mai ƙirga zai iya ganin rassa dubbai, alhali asalinsu iyaye kaɗan ne, duk gadonsu kusan ɗaya. Baƙin tsirrai masu mamaya da aka shigo da su daga Asiya don ado suna kuma rufe masa haske.

Guzberin Parish, wani reshe na Ribes divaricatum, ya nuna abin da ke faruwa idan aka makara. Yana tsirowa ne a dausayin bakin rafuka na kudancin Kalifoniya. Birnin Los Angeles da maƙwabtansa suka faɗaɗa, aka karkatar da rafuka, aka daɓe wasu da siminti, dausayi ya bushe. Ganin ƙarshe da aka yi masa shi ne a 1980 a wani wuri mai suna Whittier Narrows. Yanzu ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ƙare.

A tsaunukan Andes ma akwai jinsunan da ke takure a ƙananan wurare, inda ƙona daji don sabuwar ciyawa da kiwo ke cinye mazauninsu. Da yawa daga jinsunan can suna da namiji daban mace daban. Idan aka rasa ɗaya a kusa, ɗayan zai yi ta fure shekara da shekaru ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba.

Kariya a mazauninsu

Hanya ta farko, kuma mafi daraja, ita ce a bar tsiro inda yake a kare wurin. A can ne yake tare da ƙudan da ke masa barbara da tsuntsayen da ke yaɗa ƙwayarsa, a can ne kuma yake ci gaba da sabawa da sauyin yanayi da sabbin cututtuka.

Aikin na farawa da ƙirga. Ana gano kowane rukuni, a sa shi a taswira, a riƙa komawa kowace shekara ana duba yawan fure da 'ya'ya da sabbin tsirrai. Rukunin da tsofaffi kaɗai ke cikinsa yana kan hanyar mutuwa ko da ganyensa shar yake. Bayan ƙirga sai a kawar da abin da ke cutarwa: shinge inda dabbobi ke ci, tuge baƙin tsirrai inda suke mamaya, hana sara da gini inda ake shirin yi.

Doka na taimakawa. Amurka na da dokar kare halittun da ke cikin haɗari ta 1973. Tarayyar Turai na da ta kare mazaunin halittu ta 1992, wadda ta sa Ribes sardoum cikin jinsunan da aka ba fifiko. Jihar Karolina ta Kudu ta mayar da bakin rafin Stevens Creek wuri keɓaɓɓe. Amma doka a takarda ba ta tsare itace a kan tsauni. Inda ƙasar ke hannun masu zaman kansu, ko makiyaya suka gaji kiwo a wurin kaka da kakanni, sai an zauna da su an fahimci juna, domin su ne ke wurin kullum.

Adanawa a rumbu

Jinsin da ke wuri guda ba a dogara da kariyar mazauni kaɗai, dole a ajiye wani a wani wuri. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko ita ce ajiyar ƙwaya. Ƙwayar Ribes na jure bushewa da sanyi, don haka ana wanke ta daga naman ɗan itacen, a busar da ita sosai, a rufe a mazubin da iska ba ta shiga, a ajiye a sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili. A haka takan yi shekaru da yawa da ranta. Tattarawar na da ƙa'ida: a ɗiba daga itatuwa da yawa domin a kama gado iri-iri, kuma kada a ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na 'ya'yan da suka nuna, domin daji ya samu rabonsa. Lokaci-lokaci ana ciro 'yan ƙwayoyi a gwada tsirowarsu, kuma sai an sa su a laima da sanyi na makonni kafin su farka. Rumbun ƙwayoyi na Jami'ar Cagliari a Sardiniya na irin wannan aiki da tsirran tsibirin. Manyan rumbunan duniya sun haɗa da na Millennium da lambun Kew ya buɗe a Ingila a 2000, da na Svalbard da ke cikin dutse a arewacin Norway, wanda aka buɗe a 2008.

Ta biyu ita ce ajiyar itacen da ransa. Iri na gona ba ya fitowa daidai da uwarsa idan aka shuka ƙwaya, don haka sai a riƙe shi ta dashen reshe. Ma'aikatar Noma ta Amurka na da irin wannan gandu a Corvallis ta jihar Oregon tun farkon shekarun 1980, inda ake renon jinsunan Ribes daga sassan duniya, ana kuma ba masu bincike. Ƙasar da ta kashe dukiya tana tuge wannan dangi ita ce yanzu ke kashe dukiya tana renonsa. Wannan hanya na da tsada, domin kullum sai ban ruwa da aski da tsaron cuta. Tana kuma da wani haɗari. Tashar Pavlovsk da ke kusa da St. Petersburg a Rasha, wadda Nikolai Vavilov ya kafa a 1926, na riƙe da ɗaya daga cikin manyan tarin kurant da guzberi na duniya. A 2010 aka nemi miƙa filinta ga masu gina gidaje. Masana daga ƙasashe da yawa suka yi ca, Shugaba Dmitry Medvedev ya sa a sake duba batun, aka dakatar da cinikin. Ƙwaya ana iya kwashe ta a akwati cikin yini ɗaya, amma dubban itatuwa masu saiwa kwashe su aikin shekaru ne.

Ta uku ita ce daskarewa. Ana yanke kan toho da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a shirya shi da sinadarai, a tsoma a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi duk aikin rai na tsayawa. Idan buƙata ta taso sai a narkar da shi, a rene shi a kwalba har ya zama cikakken itace irin uwarsa sak.

Kowace hanya aka bi, rubutu shi ne rabin aikin. Ƙwayar da ba a san daga wane tsauni aka ɗebo ta ba, a wace shekara, daga itatuwa nawa, darajarta ta ragu ƙwarai. Ana kuma raba kowace ajiya gida biyu a kai rabi wani rumbu mai nisa, domin gobara ko yaƙi ko yankewar wuta kada su cinye duka.

Mayar da su daji

Manufar ajiya ita ce wata rana tsiron ya koma mazauninsa. Ana renon dashe daga iyaye daban-daban, a tabbatar ba ya ɗauke da cuta, domin tarihin tsatsar fayin ya nuna abin da dashe mai cuta ke iya jawowa. Ana dasa wasu a cikin tsohon rukuni don ƙara masa ƙarfi, wasu a sabon wuri mai irin ƙasar da inuwar da laimar da jinsin ke so. Ba a dasawa sai an kawar da abin da ya rage su tun farko. Ba a kuma cewa an yi nasara don dashe ya kama, sai itatuwan sun yi 'ya'ya, ƙwayoyinsu sun faɗi sun tsiro da kansu. Wannan kan ɗauki shekaru da yawa, kuma yana buƙatar hukumar da ba za ta janye kuɗi a tsakiyar aiki ba, da mazauna wurin da suka san tsiron suka kuma yarda a bar shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kurant da guzberi, kuma me ya sa ba sa tsirowa a ƙasashe masu zafi?
2. A bayyana yadda cutar tsatsa ke zagayawa tsakanin fayin da Ribes, da dalilin da ya sa tuge Ribes bai kawar da ita a yammacin Amurka ba.
3. A kawo misali biyu na halin da aka ɗauko daga wani jinsi aka ceci noman kurant ko guzberi.
4. Me ya sa yawan rassan guzberin Miccosukee bai isa ya nuna cewa jinsin na cikin aminci ba?
5. A lissafa hanyoyi uku na adanawa a rumbu, tare da amfanin kowace da matsalarta.
6. A tambayi dattawan unguwa sunayen itatuwan daji masu 'ya'ya da suka yi ƙaranci a yankinsu. A rubuta abin da ya rage su, da hanyar da ta fi dacewa da kare kowanne cikin waɗanda aka karanta a wannan darasi.